Yadda Ake Ƙera Kayan Ado Masu Siffar Sassaƙa Daga Tarkacen Da Aka Zubar

Kayan adon da mai fasaha yake ƙerawa daga tarkace suna da sharuɗɗa biyu da dole ne su cika su a lokaci guda. Na farko shi ne su kasance da jiki irin na sassaƙa, wato tsawo da faɗi da zurfi, ta yadda duk gefen da aka kalle su za a sami abin gani. Na biyu kuwa shi ne su zauna a jikin mutum yini guda ba tare da sun yanke shi, ko sun ɓata masa tufafi, ko sun ja masa kunne ba. Galibin masu farawa sukan cika sharaɗin farko su manta da na biyu, sai a wayi gari abin ya yi kyau a hoto amma babu mai iya sa shi fiye da sa'a ɗaya. Saboda haka duk matakin da za a bayyana a nan, daga zaɓen kaya har zuwa goge su, an auna shi ne da jikin wanda zai sa abin.

Wannan sana'a tana da magabata. Alexander Calder, masassaƙin nan ɗan Amurka wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1976, ya ƙera kayan ado kusan 1,800 da wayar tagulla da ta azurfa, yana bugun wayar da guduma har ta yi faɗi, yana naɗa ta a kan fasassun gilashi da gutsattsarin tangaran, kuma bai dogara da liƙin wuta ba wajen haɗa su. El Anatsui, ɗan ƙasar Gana, ya shahara da manyan zannuwan ƙarfe da yake yi da marafan kwalabe na alminiyum waɗanda ake baje su, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe. Ayyukansa ba na sawa a jiki ba ne, amma dabarar haɗa ƙananan gutsattsari masu tauri har su zama abu mai lanƙwasuwa ita ce dai ake bi wajen yin faffaɗan abin wuya.

Tantance kaya kafin a taɓa su

Matakin farko shi ne a san ainihin abin da ke hannu, domin tarkace ba ya zuwa da takardar bayani. A ajiye maganaɗisu a kan teburin aiki. Duk ƙarfen da ya yi kalar tagulla amma maganaɗisu ya kama shi, to baƙin ƙarfe ne aka shafe, kuma zai yi tsatsa da zarar gumi ya taɓa inda aka yanka. Idan aka ga lamba 925 a jikin tsohon zobe ko cokali, azurfa ce kashi 92.5 cikin ɗari, ragowar yawanci jan ƙarfe. Idan kuwa haruffan EPNS aka gani, to shafen azurfa ne kawai a kan gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya, kuma nikel yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Illarsa ta kai har Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan nikel ɗin da kayan da ke daɗewa a kan fata za su iya saki, ta kuma ƙara tsananta ƙa'idar ga abin da ake sawa cikin hujin jiki.

Akwai kayan da ya kamata a bar su ko da sun yi kyau. Allunan cikin tsofaffin rediyo da kwamfuta, musamman waɗanda aka ƙera kafin 2006, lokacin da dokar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, an liƙe su ne da gaurayen kuza da dalma, kuma ƙurar da ke tashi idan aka yanka allon ba ta da kyau ga huhu. Wanda ya dage sai ya yi amfani da su, to ya yanka su a jiƙe, ya kulle su gaba ɗaya cikin gam mai haske. Fuskokin tsofaffin agogo masu haske a duhu, waɗanda aka yi kafin shekarun 1960 su ƙare, wasunsu an shafa musu fenti mai sinadarin rediyam, wanda ke fitar da tiriri mai illa ga jiki, don haka kada a kankare su. Kwanon rufi da wayar da aka shafe da tutiya kada a kai su wuta, domin hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi. Batura kuwa babu ruwan mai kayan ado da su sam.

Roba tana da lambobi daga 1 zuwa 7 a cikin ɗan alwatika a gindin mazubi, tsarin da aka fara a Amurka a 1988. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa, lamba 2 ta jarkoki da marafai da yawa, lamba 5 ta wasu marafan da mazubai masu tauri. Lamba 3 ita ce abin gudu, domin idan ta ji wuta tana fitar da iska mai ƙona hanci da huhu, kuma irinta ce ake lulluɓe yawancin wayoyin lantarki da ita. Wannan ne dalilin da ya sa ake feɗe rigar waya da wuƙa, ba a ƙona ta. Idan babu lamba, a jefa guntun cikin ruwa: lamba 2 da lamba 5 suna tasowa, lamba 1 da lamba 3 suna nutsewa.

Bayan tantancewa sai wanki da ruwan ɗumi da sabulu, a busar sarai, a ware kowane iri a mazubinsa.

Kayan aiki da samfuri

Ba a buƙatar kayan aiki masu yawa. Zarton maƙeran azurfa mai siririn kaifi, da magagari biyu ko uku, da guduma mai kai biyu, ɗaya mulmulalle ɗaya mai siririn baki, da gudumar katako, da ɗan ƙarfe mai santsi da zai zama uwar maƙera, da filaya mai zagayayyen baki da mai shimfiɗaɗɗen baki, da ƙaramin injin huda, da samfefa daga lamba 220 zuwa 1200, sun isa a fara. A ƙara da tabarau na kariya da takunkumin ƙura. Idan za a ɗaura kaifin zarto, haƙoran su kalli waje su kuma kalli ƙasa wajen mariƙi, a ja shi ya yi tauri har ya ba da sauti idan an taɓa, a shafa masa kakin zuma. Hannu ba ya danna zarton, nauyinsa kawai ake bari ya ci ƙarfen, kuma idan za a yi kwana ƙarfen ake juyawa yayin da zarton ke ci gaba da hawa da sauka a wuri ɗaya.

Kafin a yanka ko da guntu ɗaya, a yi samfuri da kwali da siririyar waya. Masassaƙa sun daɗe suna yin ƙaramin samfuri kafin babban aiki, kuma mai kayan ado ya fi su buƙatar haka, domin sau da yawa tarkacen da ya samu guda ɗaya ne tak, idan ya lalace babu na biyu. A rataya samfurin a wuya ko a maƙala shi a riga, a duba madubi ta gaba da ta gefe, a sunkuya, a ɗaga hannu. A nan ne ake gane cewa kan sarƙar da ramin ratayarsa ya yi ƙasa da yawa zai riƙa kifewa, ko kuma tsinin da ya yi kyau a zane zai riƙa sukar haɓa.

Fitar da siffa daga jan ƙarfe

Jan ƙarfe shi ne abokin mai koyo, kuma ana samunsa a tsofaffin wayoyin lantarki da bututun ruwa da na na'urorin sanyaya ɗaki. Yana narkewa a digiri 1085 a ma'aunin Salshiyas, wato da wuya ƙaramar wutar gas ta narkar da shi bisa kuskure. Halinsa ɗaya ne ya kamata a fahimta tun farko: duk lokacin da aka buge shi ko aka lanƙwasa shi yana ƙara tauri, idan aka ci gaba sai ya tsage. Maganin haka shi ne a gasa shi har ya yi ja mai duhu, wanda aka fi gani a wuri mai ƙarancin haske, sannan a tsoma shi a ruwa. Zai fito da laushi har ana iya lanƙwasa shi da yatsa. Baƙin ɓawon da wuta ta bari a kansa yana fita idan aka jiƙa shi a ruwan khal mai ɗumi da aka sa wa gishiri. A ciro shi da sanda ko da matsen tagulla, domin idan baƙin ƙarfe ya shiga ruwan da aka daɗe ana amfani da shi, jan ƙarfen da ya narke a ciki zai hau kan duk abin da ke cikin ruwan, har da azurfa.

Ga misalin aiki guda daga farko zuwa ƙarshe, wato ganyen jan ƙarfe da za a yi kan sarƙa da shi. A yanki bututu tsawon santimita 7, a tsaga shi a tsaye da zarto, a wanke maiƙon ciki, a gasa, a buɗe shi, a baje da gudumar katako. Idan ya yi kauri, a ci gaba da bugu da gasawa har ya sauko wajen rabin milimita. Daga nan a ninka shi biyu a tsawonsa, a danne ninkin da gudumar katako har ya kwanta sosai, a zana rabin ganye ta yadda ninkin zai zama jijiyar tsakiya, a yanke da almakashin ƙarfe. Sai a ɗora shi a kan uwar maƙera, a ɗauki guduma mai siririn baki, a riƙa bugun buɗaɗɗen gefen, bakin gudumar yana gicciye da gefen, bugu kusa da bugu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba tare da an taɓa ninkin ba. Kowane bugu yana miƙar da ƙarfen kaɗan, kuma tun da gefe ɗaya yana ƙara tsawo ɗaya kuwa yana nan yadda yake, sai guntun ya fara lanƙwashewa da kansa kamar lauje. Idan sautin bugun ya sauya ya zama mai kaifi, ƙarfen ya yi tauri ke nan, a sake gasawa. Bayan zagaye biyu ko uku a gasa na ƙarshe, a sa dakusasshiyar wuƙa a tsakani, a buɗe a hankali da yatsu. Abin da zai fito ganye ne mai jijiya a tsakiya, gefunansa sun yi tattara, sawun guduma ya zama ƙananan jijiyoyi. Wannan dabara ta ninkawa da bugu maƙerin nan Charles Lewton-Brain ne ya tsara ta a shekarun 1980, kuma a ganina babu wata hanya da ta fi ta saurin fitar da zurfi daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Amfaninta ga kayan ado shi ne ninkin yana ba siririn ƙarfe ƙarfi, don haka ana samun babban abu marar nauyi.

Gwangwanin lemo na alminiyum kaurinsa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, shi ya sa ake iya tura shi daga baya da biron da tawadarsa ta ƙare, a kan kwali mai laushi, har zane ya taso ta gaba. Wannan ita ce tsohuwar dabarar bugun ƙarfe daga baya, an sauƙaƙa ta. Matsalarsa kaifin baki. Dole ne a kalmashe gefen ciki, ko a haɗa fallaye biyu baya da baya, ko a kewaye shi da wani ƙarfe mai kauri. Idan ana son launin da ke jikin gwangwanin kada a kai shi wuta. Idan kuwa alminiyum mai kauri ne ake son tausasawa, a goga masa sabulu a gasa, da zarar sabulun ya yi baƙi a janye wutar, domin alminiyum ba ya yin ja kafin ya narke a digiri 660.

Zubi, wato a sassaƙa siffa da kaki a lulluɓe ta da yumɓu a narkar da kakin a zuba ƙarfe a gurbinsa, shi ma hanya ce ta sake amfani da gutsattsarin azurfa, amma yana buƙatar a koye shi a gaban gwani. Abu biyu kawai za a faɗa a nan: ba a narkar da ƙarfen da ba a san ko mene ne ba, kuma ba a zuba narkakken ƙarfe a mazubin da ke da sauran damshi.

Haɗi ba tare da wuta ba

A nan ne aikin tarkace ya rabu da ƙirar azurfa ta yau da kullum. Roba da gilashi da katako da fenti ba sa jure wutar liƙi, gam kuma yana sakewa da zafi da gumi, ga shi ba ya kama roba mai lamba 2 da mai lamba 5 ko kaɗan. Abin dogaro shi ne ƙusa mai kai biyu. A huda guntayen biyu da rami daidai da kaurin wayar da za a yi ƙusar da ita, ta shiga da ƙyar, domin idan ramin ya yi faɗi wayar za ta karkace maimakon ta yi kai. A ɗan faɗaɗa bakin ramin ta waje. A yanki wayar ta fito ta kowane gefe da misalin rabin kaurinta, a goge bakinta da magagari ya yi daidai. Sai a ɗora a kan uwar maƙera, a riƙa bugu marar ƙarfi da mulmulallen kan guduma ana kewaya bakin wayar, a juya a yi wa ɗaya gefen, a sake juyawa, har kowane gefe ya baje ya kama. Ƙananan bugu masu yawa ne ke yin aikin. Idan ana son guntayen su riƙa motsi, a sa ɗan kwali a tsakaninsu kafin a buga, bayan an gama a jiƙa shi a zare. Idan abu mai laushi ne kamar fata ko tiyub ɗin taya, a sa ɗan faifan ƙarfe ƙarƙashin kan ƙusar don kada ta ɓula ta wuce.

Gilashi ba a yi masa bugun ƙusa. A fara kashe kaifinsa da samfefa a cikin ruwa, ana sauya lamba daga mai kaushi zuwa mai laushi, har a iya goga shi a bayan hannu babu fargaba. Sannan a yanki faifan ƙarfe da ya ɗan fi gilashin faɗi, a fitar da 'yan yatsu huɗu ko biyar a kewayensa, a ɗaga su, a zaunar da gilashin, a kwantar da yatsun a kansa da guntun katako, ana bin su ɗaya da kishiyarsa don kada ya zame gefe. Idan dole sai an huda shi, a yi amfani da bakin huda mai lu'ulu'u, gilashin yana nutse cikin ɗan ruwa a kan katako, injin yana tafiya a hankali, a tsaya a tsakiya a juya a ƙarasa ta baya. Injin mai batir ya fi dacewa da aiki kusa da ruwa.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne jan ƙarfe da alminiyum ba sa jituwa idan akwai gumi a tsakaninsu, domin gishirin gumi yana sa alminiyum ya riƙa cinyewa a inda suka haɗu. Abin da zai rataya a bango yana iya jure haka. Abin da zai kwanta a wuya kuwa, gara a haɗa alminiyum da ƙusar alminiyum.

Roba

Marafai masu lamba 2 ana iya mayar da su dunƙule mai launuka a cakuɗe wanda ake sassaƙawa da wuƙa da magagari. A yayyanka su ƙanana, a shimfiɗa tsakanin takardun gasa burodi masu santsi, a sa a tanderun da aka ware wa wannan aiki kaɗai, a zafin da bai wuce digiri 180 ba, a wuri mai iska. Robar ba ta zama ruwa, tana yin danƙo ne, sai a sa safar hannu mai jure zafi a murɗa ta a ninka, a matse tsakanin katako biyu, a riƙa ƙara matsin yayin da take hucewa domin tana tsukewa. Idan aka ga hayaƙi zafin ya yi yawa. Kada a gauraya lamba 2 da lamba 5, ba sa haɗuwa da kyau, kuma awarwaron da aka yi da gaurayensu yakan tsage a inda suka haɗu. Gorar ruwa mai lamba 1 kuwa ba a narkar da ita. A yanka ta a siffar fure, a kusantar da gefen ga iska mai zafi na 'yan daƙiƙu, zai naɗe ya yi kauri, kaifin ya mutu.

Nauyi da gogewa da gwaji

Jan ƙarfe ya fi alminiyum nauyi fiye da sau uku, azurfa ta fi jan ƙarfe, roba mai lamba 2 kuwa ko ruwa ya fi ta nauyi. Wannan shi ne abin da zai yanke hukuncin wane kaya zai tafi ina. Manyan 'yan kunne na alminiyum ne da roba, jan ƙarfe mai kauri na awarwaro ne da kan sarƙa. Abin maƙalawa a riga a sa fil ɗinsa sama da tsakiyarsa, in ba haka ba zai riƙa sunkuyawa. Ƙugiyar ɗan kunne ita kaɗai ce nake ganin bai kamata a yi ta da tarkace ba. A sayi sabuwa ta azurfa ko ta taitaniyam, tun da cikin nama za ta shiga.

Wajen gogewa a bi lambobin samfefa bi da bi, a sauya alƙiblar gugar a kowace lamba don a ga ko sawun ta baya ya ɓace. Ba lallai ba ne a goge komai ya yi ƙyalli. Guntun rubutu a jikin gwangwani ko lambar da ke kan tsohon mabuɗi sau da yawa su ne ke jan ido, kuma mai fasaha ne zai yanke shawarar yawan asalin kayan da zai bari a gani. A ganina wanda ya ɓoye asalin gaba ɗaya ya yi asarar abin da ya sa ya zaɓi tarkace, wanda kuma ya bar shi yadda ya tsince shi bai yi aiki ba tukuna. Bayan abin ma a gyara shi kamar gabansa, domin shi ne ke taɓa fata.

Idan ana son jan ƙarfe ko azurfa su yi duhu don sawun guduma ya fito, a rufe su a mazubi tare da dafaffen ƙwai mai zafi da aka farfasa, sinadarin farar wuta da ke cikinsa zai baƙanta su cikin 'yan sa'o'i, sai a goge tudun a bar duhun a cikin kwari. A rufe da siririn shafen kaki. Jan ƙarfen da bai sami shafe ba yana barin kore a fata, wanda yake wankuwa da sabulu, amma masu saye ba sa sonsa, don haka zobe da awarwaro a shafe cikinsu da banish mai haske ko a yi musu shafi da azurfa.

Gwaji na ƙarshe kashi biyu ne. A ja abin a kan tsohuwar safa mai laushi ta kowace fuska, duk inda ya kama zare akwai sauran kaifi, a koma da magagari. Sannan mai ƙirar ya sa shi da kansa, ko ya ba wani ya sa, daga safe zuwa dare ana harkokin yau da kullum, a duba ko ya bar ja a fata, ko wata ƙusa ta saki, ko yana juyawa baya. Idan za a sayar ko a bayar, a haɗa da 'yar takarda mai ɗauke da sunan kowane kaya da ke jikinsa, da gargaɗin a cire shi kafin wanka, da kuma bayanin cewa ba na ƙananan yara ba ne.